Me Za Ka Sa a Ciki?

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Usman, wanda ake kira Usta Usman mai walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Allah Ya jiƙansa. Ni na gaji warsharsa, wato shagon waldarsa, na kuma gaji wata tambaya.

Duk wanda ya zo a ƙera masa keji, Yaya ba ya awo sai ya ce, "Me za ka sa a ciki?" In kaji ne ko tattabaru, ya yanka ƙarfe. In ɗan biri ne, ya ajiye tef ɗin awo, ya sa a kawo wa baƙo shayi.

Abin ya faro ne daga wani jaririn ba'am, babban birin nan mai hannu irin na mutum, da ma'aikatan namun daji suka ƙwace a wurin wani mai fataucinsu. Yaya suka sa ya ƙera akwatin da za a kai shi gidan renon irinsa a can kudu. Yana cikin awo, jaririn ya kama masa yatsa ya ƙi saki. A nan aka gaya masa ba a raba irin wannan da uwarsa sai an harbe ta. Tun daga ranar, duk Juma'a bayan la'asar yakan tara yaran layinmu a unguwar Alsawra yana koya musu abin da ya ji. Maƙwabta suka sa masa Malamin Birai. Yakan yi dariya ya ce ai ɗaliban 'ya'yansu ne.

Bai ga yaƙin nan da ya ci garinmu ba. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga warshar babu rufi, yaran Juma'a sun watse, aiki sai an dace.

Makon jiya wani ya zo daga Kasuwar Libiya ta nan garinmu yana son ƙaramin keji mai kwaɗo biyu. Tun farkon wata ban kunna inji ba, gida kuma ana jira. Na yi masa tambayar Yaya.

"Ya Usta, ina ruwanka? Ƙarfe ai ƙarfe ne."

Na sake tambaya. Ya ce amana ce aka kawo masa daga kudu, ta ƙi cin abinci, sai kuka kamar jariri.

Na ajiye tef, na sa a kawo shayi. Da ya tafi, na je na sanar da ma'aikatan namun daji. Ban sani ba ko za su same shi. Amma na riga na yanka ƙarfen akwatin tafiya daidai da awon da Yaya ya yi wa jaririn ba'am, kuma Juma'ar nan zan shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ko da yaro ɗaya ne ya zo.