Kirinjijiyar da Kaza Ta Ƙyanƙyashe

Ni tela ne, shagona yana Wunti a garin Bauchi, gidana kuma a unguwar Ɗan Iya. Karatuna bai wuce firamare ba. Ban da keken ɗinki, abin da na gada wajen mahaifina shi ne son kiwon tsuntsaye. Ina kuma da wani hali marar kyau da ban gada wajen kowa ba: in abu ya burge ni, hankalina ba ya kwanciya sai na gan shi a cikin gidana.

A bayan layinmu akwai wani tsohon kududdufi, inda mutanen da suka haƙi ƙasar gini. Da damina yakan cika, ciyawa ta rufe bakinsa. Nan kirinjijiya suke sauka. Agwagin daji ne masu farar fuska da dogon wuya, ba su kai ta gida girma ba. Dab da magariba sukan wuce ta saman rufinmu a jere suna fito, kamar yara na kiran juna wasa.

Wata damina na je yankan ciyawar tumaki, sai ɗaya ta tashi fir daga gaban laujena. Ga sheƙa a ƙasa cike da ƙwai, da ɗuminsu. Mu a gidanmu haka muke yi da ƙwan zabi: a tsinto a daji, a sa wa kaza ta kwanta a kai, 'ya'yan su tashi 'yan gida. Na cire hulata na kwashe su kaf, ko guda ban bari ba. Uwar da mijinta suka yi ta kewaya kaina suna kuka. Na ji su sarai.

Matata ta leƙa hular ta ce, "Maigida, wannan fa ba ƙwan zabo ba ne."

Na ce, "Ƙwai dai ƙwai ne. Ita kazar karatu ta yi da za ta gane?"

Ta ce, "Ashe kun dace, kai da kazar."

Kaza ta ƙyanƙyashe su, amma ba ta san yadda za ta yi da su ba. Da sun ga ruwan kwata sai su faɗa, ita kuwa ta tsaya a gefe tana ƙyarƙyara kamar za ta haukace. Tsaki da dusar da nake ba su ba su karɓe su ba. Shaho ya ɗauki wani, sauran suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage guda. Da ta girma na ga tana gwada tashi, sai na ɗauko almakashin shago na datse dogayen gashin fiffikenta na dama, yadda ake yi wa sabuwar tattabara.

Daga nan ne gidan ya daina yi mini daɗi da yamma. Da zarar 'yan'uwanta sun taso ta sama suna fito, sai ta miƙe wuya ta amsa, ta ruga wajen katanga tana kaɗa fukafukai, ta ɗan ɗaga, ta faɗo ta gefe guda. Kullum haka.

Maƙwabcina dattijo ne ɗan kudancin jiha, Kirista, tsohon ma'aikacin gandun daji. Wata rana ya tare ni a ƙofar gida ya ce, "Malam Tela, wannan fiton daga gidanka yake fitowa?"

Na ba shi labari, har da ɗan alfahari. Bai yi dariya ba. Ya ce a Amurka akwai wata 'yar agwagwa ja, namijin bakinsa shuɗi, wutsiyarsa a miƙe sama. A ƙasarta tana nan da yawa, ba ta damun kowa. Sai masu son kallo suka kai ta Ingila suka ajiye a lambu. Wasu suka tsere suka hayayyafa, suka kai har Sifen, suka riƙa barbarar wata agwagwa mai farin kai wadda dama saura kaɗan ta ƙare. Da aka ga irin waccan zai narke ya ɓace, sai aka sa maharba suka bi jar suna harbewa.

Na ce, "To ita laifin me ta yi?"

Ya ce, "Ka tambayi wanda ya ɗauko ta."

Na ce, "Haba Yallaɓai, ni ai ban je Ingila ba. Nan bayan layi na ɗauko."

Ya ce, "Kai ka ga kusa. Ita da take bayan katanga fa? Gashin zai sake fitowa. In ya fito, ka ajiye almakashi."

Na yi masa alkawari, kuma na saɓa. Lokacin da gashin ya fito, abokaina na kasuwa sun saba zuwa kallonta, suna cewa duk Bauchi ba mai irinta. Na sake datsewa da safe kafin kowa ya fito. Matata ta share gashin, ta tattara ta ajiye mini a kan tabarmata kusa da kwanon koko. 

A ranin nan aka yanka kududdufin filoti-filoti. Tifa ta riƙa juye jar ƙasa, mutanen unguwa suna ƙarawa da shara. Ni ma can nake zubar da buhunan ƙyallayen shagona, ban taɓa haɗa wannan da wancan a raina ba. Da damina ta dawo na bar gashin ya cika, na ɓoye wa kaina almakashi a shago. Amma ba wanda ya wuce ta saman rufinmu. Takan fito tsakar gida da yamma ta yi fito, ta karkata kai tana saurare, sai dai ƙarar babura.

Dattijon ya ce in kai ta dam ɗin Gubi, can akwai ruwa mai yawa. Na sa ta a kwando na ɗauki shatar keke napep. Muka tarar da irinta kuwa, can nesa a bakin ciyawa. Na sauke ta, ta shiga ruwa tana ninƙaya kamar a nan aka haife ta. Ɗaya daga cikinsu ta yi fito. Don murna na ce alhamdulillahi, na juya na nufi keke.

Ban yi nisa ba na ji motsi a bayana. Ita ce, jiƙe sharkaf, tana bin sawuna. Na ɗauke ta na mayar, ta sake fitowa. Na kore ta da hula, na jefe ta da hoge, abin da ban taɓa yi mata ba. Ta tashi sama sosai, karo na farko a rayuwarta, ta yi kewaye guda, ta sauka a gaban ƙafata.

Mai keke ya ce, "Baba, 'yarka ta ƙi makaranta. Ku hau mu koma, rana na yi."

Na sake kai ta bayan wannan, abin bai canza ba. Dattijon ya ce tsuntsu irin wannan abin da ya buɗe ido ya gani shi yake bi, ita kuwa kaza ta gani, sai ni.

Tana nan a gidana har yau, fukafukanta cikakku, ba keji ba igiya. Kazar da ta ƙyanƙyashe ta ta mutu, yanzu jikokin kazar take bi tana tsattsagar ƙasa. Inda kududdufin yake an yi shaguna. Abokaina sun daina zuwa kallo, ni ma na daina kiransu. Bana ban ji ta yi fito ba ko sau ɗaya. Wani lokaci in na dawo daga shago kafin a kira magariba, nakan tsaya a tsakar gida in gwada yi mata fiton da bakina. Takan ɗago ta dube ni, ta ga ba tsaba a hannuna, ta koma cikin kaji.