Ranar da Na Raba Jiragen Yaya Bulus

Shekara takwas ke nan cif da muka kai yayana Bulus makwancinsa. Duk shekara in watan ya kama, fasto kan ambaci sunansa a sujada, mu ce amin, mu taru a gidansa mu ci shinkafa, kowa ya kama gabansa. Bana na ce cin shinkafar ya isa haka. Akwai abin da na aikata a zaman makokinsa wanda ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba, yau kuwa sai na faɗe shi, ko da dangi za su ce Talatu ta tona wa kanta asiri a jarida.

Waɗanda suka zauna a Samaru a wancan lokaci za su tuna shi. Mai gyaran agogo da rediyo ne, shagonsa ɗan tsugul a bayan kasuwa, tabaransa kullum ɗaure da zare. Amma ba da gyara aka fi saninsa ba. Duk ranar Asabar sai ya rufe shago da hantsi, ya hau bas zuwa Sabon Gari, ya je ya tsuguna gaban masu gwanjo, babban mutum da furfura a gemu, yana tonon buhunan kayan wasan yara. Abu ɗaya yake nema: wasu ƙananan jiragen ƙasa masu fuska, na wani shirin yara na Turawa da ake nunawa a talabijin, inda kowane kan jirgi ke da ido da baki, yana magana kamar mutum. Ni ce kan gaba wajen yi masa tsiya. Nakan ce, "Yaya, in ka gama tarawa sai ka buɗe tasha, mu riƙa hawa zuwa Kano." Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Ke dai Talatu, bakinki ya fi ki girma."

Ɗiya ɗaya Allah ya ba su shi da matarsa Hannatu, sunanta Saratu. Ta kai shekara biyar ba ta ce Baba ba, ba ta ce Mama ba. Likita ya ce kunnenta ƙalau. Ba ta kallon mutum a ido, in an tayar da injin niƙa a maƙwabta sai ta toshe kunne ta yi ta ihu. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce an sa mata hannu, ba irin addu'ar da ba a yi ba. Wata rana wani ya kawo wa Bulus bidiyo gyara, kaset ya maƙale a ciki. Da ya gyara, ya tafi da shi gida don ya gwada, sai ga jiragen nan a talabijin. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta zauna ƙyam har kaset ya ƙare. Bulus ya roƙi mai bidiyon ya bar masa kaset ɗin. Bayan 'yan makonni ya tsinci jirgi na farko wajen wata mai gwanjo a Sabon Gari, Mama Ngozi, wadda daga baya duk ranar da ta fasa dila sai ta ware masa nasa kafin kowa ya taɓa.

Abin da zan faɗa yanzu, a lokacin sama-sama na san shi, cikakkensa sai bayan aikin gama ya gama Hannatu ta warware mini. Fuskokin jiragen nan ba ɗaya ba ne. Wani yana dariya, wani ya ɗaure fuska, wani ya zaro ido kamar ya ga abin tsoro. Da waɗannan fuskoki Bulus ya buɗa wa 'yarsa baki. In tana jin yunwa, akwai wani kore mai kumatu da take kawo masa. In ranta ya ɓaci, ja ne. In wani wuri yana mata ciwo, sai ta ɗauko wani baƙi mai yamutsattsar fuska ta ɗora a wurin. Shi ya sa ba ya sayen kowane jirgi, fuska yake nema. Wata huɗu ya yi yana jele kafin ya samu mai fuskar tsoro, saboda ya lura akwai abin da ke firgita ta a hanyar makewayi, ba ta da yadda za ta faɗa. Wanda ya zo da karyayyar ƙafa ya gyara shi da kayan gyaran agogo. A shekara huɗu ya tara ashirin da uku, suna jere a kan wata kantar katako a falo, kowanne da mazauninsa. Har Saratu ta fara furta kalma: ja, kore, baƙi, shuɗi.

Ya taɓa ba ni labari da ɗoki, wai ta ɗora baƙin jirgi a kunnenta, suka kai ta asibiti, aka tarar kunnen ya yi ruwa a ciki. Kun san abin da na ce masa? Na ce, "Yaya, son 'ya ne ke sa ka gani-gani, dacewa ce kawai." Ni da nake malamar firamare, shekara da shekaru ina gaban yara. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Bulus ya faɗi a shagonsa wata Laraba da rana, hawan jini, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bai bar wasiyya ba. Gida ya cika da 'yan zaman makoki, ga zumuntar matan coci suna waƙa, ga kuka, sai aka kai Saratu gidan maƙwabciya don ba ta jure taro. Hannatu tana ɗaki, mata sun kewaye ta, ba ta san inda kanta yake ba. Ragamar gida ta dawo hannuna, ni da nake ƙanwar mamaci.

A danginmu akwai al'ada, in an kwana uku baƙi za su watse, 'yan'uwan mamaci su ke raba ƙananan kayansa, riga, hula, takalmi, kowa ya tafi da abin tunawa. Na raba riguna, na raba agoguna. Yaran da suka biyo iyayensu kuwa tun ranar farko suke zagaye kantar nan kamar ƙuda da mangwaro, wannan ya miƙa hannu a buge, wancan ya yi kuka. Sai na ce a raina, ai kayan Bulus ne, abin da ya fi so a duniya, me ya fi kyau irin kowane yaro ya tafi da guda ya riƙa tuna kawunsa? Na jera su layi kamar a aji, na bi su ɗaya-ɗaya. Har wata tsohuwa ta sa mini albarka, ta ce na iya riƙon zumunci. Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Ko sau ɗaya Saratu ba ta faɗo mini a rai ba.

Da yamma aka dawo da ita. Ta wuce kowa ta nufi kantar, ta tsaya. Ta shafa katakon daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ta fasa wata irin ƙara da har gobe nake jin ta a kunnena. Hannatu ta fito da gudu, ta dubi kantar, ta dube ni, ta ce, "Talatu, kin san abin da kika raba?" Iyakar ƙorafin da ta taɓa yi mini ke nan a kan maganar, daga ranar har yau. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Washegari na ɗaura zane na shiga bin gidaje, Zabi, Basawa, har ƙauyukan da wasu suka fito. Ban san akwai abin kunya irin karɓe kyauta daga hannun yaro ba sai da na yi shi. Wata matar ɗan'uwanmu ta ce, "Haba Malama, a kan kayan wasa kika yo wannan tafiya? Sai ka ce zinariya." Wani an taka shi, wani ya faɗa rijiya, wani an ce ba a san inda aka jefar ba. Biyar na samo. Hannatu ta jera su a kan kantar lokacin da Saratu ke wanka. Ta fito ta dube su, ta juya, ba ta ƙara taɓa su ba. Na je wajen Mama Ngozi, ta riƙe hannuna tana hawaye, ta ce, "Oga Bulus ya san wanda yake so, ni ban sani ba o." Duk da haka na sayo, na yi ta sayowa. Saratu ko kallo ba su ishe ta ba.

Kalmomin nan huɗu suka tafi, ba su dawo ba. Shekara biyu bayan rasuwarsa ta daina cin abinci, ta rame, tana buga kanta da bango. Aka koma zancen iska. Sai da kumatunta ya kumbura aka gane haƙori ne ya ruɓe, ya kusa wata biyu yana cin ta. A asibiti ina tsaye ina kallo ana danne ta, ina tuna baƙin jirgin da na miƙa wa wani yaro mai majina wanda ko sunansa ban riƙe ba. Ranar na tsani kaina, kuma ban tabbata na daina ba.

Nakan tambayi kaina me Bulus zai ce in ya leƙo duniyar yau. Jiragen da yake yin wata huɗu yana nema, yanzu ga su jibge a shagunan unguwar PZ, sababbi a kwali, har da layin dogonsu na roba. Kaset ya zama tsohon yayi, shirin gaba ɗaya yana kan faifai guda, yara masu talla suna yawo da shi a tasha. Kowa da waya a aljihu, ana ta surutu daga safe har yamma, mai abin faɗa da marar abin faɗa. Ina jin zai ɗauki kwalin ya juya shi, ya duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk dariya suke yi, ba su da amfani. Na kuma ji wata ɗaliba a Samaru tana cewa irin lalurar Saratu tana da suna a likitance, har akwai masu koya wa irin waɗannan yara magana da hotuna. Mai gyaran rediyo ya riga su gano hanyar a falonsa, ba wanda ya koya masa, mu kuma muna gefe muna masa dariya. Abin da ban iya hasashensa ba shi ne me zai ce mini ni. Bulus bai iya yi wa mutum faɗa ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

In an zo maganar abin da mutum ya bari, mutane kan lissafa gida da gona da 'ya'ya. Shagonsa yanzu wani ke sayar da katin waya a ciki. Agogunan da na raba na san da yawa sun tsaya. Abin da ya gina da gaske ba a kan kantar yake ba, tsakaninsa da 'yarsa yake, rabi a kansa rabi a nata, jiragen su ne gadar. Mutuwa ta ɗauke rabi, wannan hukuncin Ubangiji ne, ba mu da ta cewa. Gadar kuwa ni na rushe ta da hannuna, ina murmushi, ana sa mini albarka. Masu karatu, in kun shiga gidan makoki kuka ga wani abu da ba ku gane amfaninsa ba, ku bar shi inda yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ɗauka Saratu ta manta da shi. Shekarunta goma sha bakwai yanzu, ta fi uwarta tsawo, tana share tsakar gida, tana wanke kwanuka, ba ta cewa uffan. Ranar Lahadin da ta wuce muka taru a gidan don tunawa da shi. 'Yar kawunmu Rifkatu, wadda ke auren soja a barikin Basawa, ta zo da autanta ɗan shekara huɗu. Ana cikin zuba abinci yaron ya sa hannu a aljihu ya zaro wani abu ya fara turawa a kan tabarma. Fentin ya goge, ƙafa ɗaya ta fita, amma na gane shi, mai fuskar tsoron nan ne. Wansa na ba wa shekara takwas da suka wuce, aka ce mini ya ɓata, ashe yana ƙasan akwati.

Saratu ta ajiye kwanon da ke hannunta. Ta zo ta ɗauke jirgin, yaron ya fasa kuka. Na zaci kantar za ta nufa. Sai ta wuce ta, ta bi ta tsakiyar mutane, ta fita ƙofar gida ta tsaya, jirgin a ƙirjinta, tana kallon hanyar da ake saukowa daga bas. Rifkatu ta ce, "Ku ce ta ba shi abinsa mana, wallahi ba ya barci sai da shi." Na dubi Hannatu, ta ce a hankali, "Duk jirgin da babanta ya taɓa kawo mata, daga aljihu yake zaro shi. Tana tsammanin yana tafe a baya."

Shinkafa ta huce a faranti. Na fita na tsaya kusa da ita, na kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Duk bas ɗin da ya tsaya sai ta ɗaga dunduniya tana duba masu sauka. Bulus ya samo mata jirgin yunwa, da na ciwo, da na fushi, da na tsoro. Bai samo wanda za mu faɗa mata da shi cewa ba zai dawo ba.