Magaribar Da Ta Raba Ni Da 'Yata

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni nas ce a wani asibiti a Riyadh, muna zaune a unguwar Al-Murabba da maigidana da 'yarmu ta fari, wadda ta ɗan haura shekara tana shan nono. Na daɗe a garin har jikina ya saba da tsarinsa: ba a cewa ƙarfe kaza, sai dai a ce bayan la'asar ko kafin isha, kuma da an kira salla kowane kanti ya ja ƙofa, ka zauna ka jira a buɗe. Ban taɓa tunanin wannan sabon zai cuce ni ba.

Akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu da duk muke ce wa Kawu, injiniya ne da ya daɗe a Saudiyya, irin mutanen nan da ba a taɓa yi musu tambaya su ce ba su sani ba. Shi ya haɗa iyalai 'yan kaɗan a hutun bazara, muka tafi yawon jirgin ruwa can arewacin Turai. Duk sanarwar da aka yi a jirgin sai ya ɗaga mana hannu ya ce kada mu wahalar da kanmu, shi zai riƙa faɗa mana. Ranar da muka tsaya a wani ɗan tsohon garin masunta, maza suka shiga mota zuwa kallon duwatsu, ni kuma na bar yarinyar wajen matar Kawu saboda sanyi, na bar mata har wayata don tana lallashinta da ita. A bakin matakalar jirgin na tambayi Kawu yaushe za a dawo, ya ce ba matsala, in dai na shigo kafin magariba shi ke nan.

Garin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Gidajen katako ne ja da rawaya a jere bakin ruwa, ga tsofaffin rumbuna da aka rataye busasshen kifi, irin wanda 'yan kudu ke sa wa a miya, warinsa har cikin mayafi. Na ga wata 'yar rigar sanyi ta saƙa a wani kanti, na ce bari in zagaya in dawo in saya wa yarinyar. Da na dawo na tarar an rufe, sai kawai na nemi benci na zauna ina jiran a buɗe, kamar ina kasuwar Utaiƙa ta Riyadh. Ina ta ɗaga kai ina duba rana, tana nan sama ƙyam kamar ko la'asar ba ta yi sanyi ba. Ƙirjina ne ya fara gaya mini lokaci ya ja, don ya cika har yana zafi. Ina miƙewa na ji ƙarar ƙahon jirgi, na ruga, na iso bakin ruwa na tarar ya riga ya ja baya da 'yata a ciki.

Wani ma'aikacin tashar ne ya miƙo mini fasfona da jirgin ya bari, ya yi mini bayani cewa a garinsu, a irin wannan watan, rana ba ta faɗuwa sam. Wato Kawu ya ji ƙarfen da aka faɗa, ya auna shi da magaribar Riyadh, ya miƙo mini. Sai da na yi ta sauya motoci da ƙananan jirage kafin in cim musu a tasha ta gaba, ina matse nono a banɗakin tashoshin mota ina kuka. Da na iso maigidana ya ce an yi ta kiran sunana a lasifika, amma Kawu ya ce masa ya kwantar da hankalinsa, ya ga shigowata tare da mata. Bai gan ni ba, Edita. Kawai ba ya so a ce akwai abin da ya kuɓuce masa.

Abin da har yau yake tafasa mini zuciya shi ne yadda aka juya maganar. Kawu bai ce mini ko sannu ba, cewa ya yi ai duk mai hankali ya san magaribar gida yake nufi. Kafin mu sauka Riyadh labari ya riga mu, wai na tafi yawon kantuna na manta da jaririya. A wajen wani suna wata ta dube ni ta ce Allah ya shirya matan boko. Da na ce zan je in faɗa masa gaskiya a gaban iyalinsa, maigidana ya roƙe ni in bari, wai babba ne, kuma shi ya yi masa hanyar aikin da yake riƙe da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya. Na haɗiye, amma ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗin haka.

Na koyi cewa girmama babba daban, miƙa masa kunnenka gaba ɗaya daban. 'Yan'uwana, musamman masu goyo, in kun je ƙasar da ba taku ba ku saurari sanarwa da kanku, ku tambayi ƙarfe nawa, ku ɗaura agogo, kada ku dogara da rana ko da wanda ya ce shi ya sani. Surutun mutane ya wuce, amma akwai abin da bai dawo ba. Ranar da na karɓi 'yata na ba ta nono, sai ta kau da kai ta miƙa hannu wajen kwalbar madarar da aka saba mata da ita. Na yi ta gwadawa har muka dawo gida, ba ta sake kamawa ba. Haka aka yaye mini yarinya ba da shawarata ba, kuma wanda ya jawo har gobe shi ake ba wa kujerar gaba a taronmu.