Jirgin da Baba Ya Zaɓa

Akwai wata tafiya da muka yi da mahaifina daga Washington zuwa New York wadda ba na jin za ta taɓa fita daga raina, duk da shekarun da suka wuce.

A lokacin ina zaune a Silver Spring, kusa da Washington, ina aiki a wani kantin magani. Ƙanena ya gama karatu a New York, sai Baba ya taso daga Katsina don bikin yaye su, ya sauka a wurina. Tsohon malamin makaranta ne, ba mai yawan magana ba, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu hirata da shi ba ta wuce gaisuwa da tambayar aiki. Ni kuwa ina ɗauke da maganar da na rasa ta inda zan ɓullo mata. Akwai wanda yake nemana da aure, Bahaushen Kumasi ne, direba a garin Sterling da ke kusa da mu. Shi ya ɗauko mu daga filin jirgi ranar da Baba ya iso, na gabatar da shi a matsayin wani ɗan uwa da muke masallaci ɗaya. Tsorona shi ne Baba ya ce bai san asalinsa ba, maganar ta mutu a nan.

Da na zo sayen tikiti, jirgin ƙasa iri biyu ne a gabana. Akwai mai gudu, wanda ba ya tsayawa sai a manyan garuruwa, kuma kowa da kujerar da aka ba shi. Akwai kuma na gama-gari, mai araha, wanda ke yawan tsaye-tsaye, in ka shiga ka zauna inda ka samu. Na nuna wa Baba a waya, na ce mai gudun za mu hau saboda ya fi daɗin zama. Gaskiya ce, amma akwai wani dalilin: kujerun da suka rage a cikinsa ba a jere suke ba, kowa zai zauna wurinsa.

Baba ya gyara tabarau ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan mai gudun, awa nawa zai riga ɗayan isa?"

Na ce, "Bai kai awa guda ba, Baba."

"Kuɗin fa?"

"Ya kusa ninki biyu."

Ya miƙo mini wayar ya ce, "Wa ke jiranmu da ba zai iya jiran awa guda ba? Sayi mai arahar. Ina so in ga ƙasar mutane da idona."

Washegari da hantsi muka hau. Jirgin cike yake da ɗalibai da masu yara, amma muka samu kujeru biyu a jere, na ba shi ta bakin taga. Har muka wuce Baltimore kallon waje kawai yake yi. Ni kuma na duƙufa a kan waya kamar mai wani aiki. Sai da muka hau gadar wani ƙaton kogi ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaron nan da ya ɗauko mu, ɗan ina ne?"

Na ce ɗan Kumasi ne, kakanninsa fataken goro ne daga Kano.

"Iyayensa suna raye?"

"Mahaifiyarsa tana nan, da baffansa."

Ya gyaɗa kai ya koma kallon waje. Jirgi ya tsaya a wata ƙaramar tasha, wasu suka sauka, wasu suka hau. Da muka tashi sai ya sake jefo wata tambayar. Haka muka yi ta yi: tambaya ɗaya, shiru mai tsawo, tasha, sannan wata tambayar. Yana da mata? Sallarsa fa? In ransa ya ɓaci yaya yake yi? Yanzu da na girma na gane cewa shirun nan ba fushi ba ne, shi ma kunyar yake ji. Aikin Mama ne ya faɗo a kansa, bai taɓa yi ba.

Bayan mun bar Philadelphia ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce, "Tun a mota na lura ko sau ɗaya ba ki kalli inda yake ba. Wanda babu komai tsakaninku ba a kauce masa haka. Kina son sa?"

Na sunkuyar da kai, na ja gyalena, da ƙyar na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To, in mun dawo ya zo ya gaishe ni da sunan abin da ya kawo shi. Zan sa a bincika, in na samu abin da nake fata, baffansa ya nemi baffanki."

Daga nan ya ce in samo masa ruwan zafi, shayi yake so. Na tafi taragon abinci, na tsaya a layi ina share hawaye, wata tsohuwar Baturiya tana tambayata ko lafiya.

An yi binciken, an ɗaura auren a Katsina shekarar da ta biyo. Yanzu aiki yakan kai ni New York, kuma in ni kaɗai ce, ina da taron da zan cimma, mai gudun nake hawa ba tare da wani tunani ba. Amma tafiyar nan ta koya mini cewa kafin in duba kuɗi ko sauri, in fara duba wanda zan zauna kusa da shi. Wata maganar ba ta fitowa sai an daɗe a zaune, babu inda ɗayanku zai tashi ya tafi.