Ƙaho a Cinyar Mai Ciwon Suga

Shekarar da aka ce ina da ciwon suga, likitar garinmu Madarumfa ta koya mini yi wa kaina allura, safe da yamma. Ta ce in riƙa sauya wuri. Na ce to, amma rabin hankalina yana kan lambuna na bakin tabki.

Ni matsoracin allura ne, ba na ɓoyewa. Da na gano wani wuri a cinyata ta dama inda zafin ya daina jiyuwa, sai na maƙale masa. Nan nake soka kullum, wata da watanni. Wurin ya yi tauri, ya tashi kamar ƙwan zabo, fatar ta yi baƙi tana ƙaiƙayi. Ban gaya wa kowa ba.

Yayana ne ya gani, ranar da na naɗe wando muna ban ruwan albasa.

"Kai, mi ya samu cinyarka? Wanga mataccen jini ne. Gobe mu tai wurin wanzami."

"Yaya, an ce in kiyayi duk abin da zai yanke ni."

"Ubanmu har ya mutu ƙaho yake yi duk bazara. Ka fi shi ne?"

Washegari na bi shi, don ban taɓa iya musu da shi ba. Wanzamin ya tsattsaga wurin da aska, ya kafa ƙaho. Jinin da ya fito baƙi ne, yayana yana ta nuna mini shi cikin murna. Wallahi ni ma na ji daɗi a ranar.

Tsagar da take warke wa kowa cikin kwana uku, tawa ta ƙi rufewa. Na ci gaba da shiga laka da ita. Ta fara ruwa, ta fara wari, zazzaɓi ya kwantar da ni. Sai a amalanken jaki aka kai ni asibiti.

Likitar ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce, "Baba, kullutun nan da ka daina soka shi, da ya sace da kansa. Ƙafar nike ji ma tsoro yanzu."

Ta wanke, ta ba ni magani. Sannan ta ɗauki biro ta zagaye iyakar kumburin a kan fatata. Ta ce in ya ƙetare zanen, mu wuce babban asibitin Maraɗi ba tare da jiran kowa ba. Aka mayar da ni gida.

Na ji haushin yayana, amma na fi jin na kaina. Da gari ya waye ya zo, bai ko zauna ba, ya durƙusa ya ɗaga mayafin da na rufa da shi. Ya daɗe yana kallo. Ni na kasa dubawa, fuskarsa nake kallo.

Ya miƙe ya ce wa matata, "Haɗa mishi kaya. Bari in nemo mota."