Hoton Tela a Ƙofar Shagon Ƙaninsa

Tela ya tsufa yana taka keken ɗinki, kuma da ƙafar nan ya ciyar da ƙaninsa tun rasuwar iyayensu. Da ciwon suga ya fara ramar da shi, sai ƙanin, wanda ya buɗe shagon garin gina jiki, ya kawo masa gwangwani guda kyauta.

"Yaya, furotin ne zalla. Dama ka sha, ka huta da allurar sugan nan da kake yi."

In bai yarda da ɗan'uwansa ba, da wa zai yarda? Ya ajiye allura. Har hoto ya tsaya aka ɗauke shi, yana murmushi, gwangwani a hannu.

Gyambon ƙafa ne ya kai shi asibiti. Likita ta ce garin kan taimaki tsoka, amma bai taɓa zama madadin allura ba. Aka yanke masa yatsun ƙafa biyu.

Ran da aka sallame shi, motar da ta ɗauko shi ta bi ta gaban shagon. Ga hotonsa ƙato a ƙofa, an rubuta: "Yayana ya warke."

"Direba, rage gudu," in ji tela. "Bari in ga mutumin da ya warke."