Ranar da Muka Bar Kawu a Kwarin Farauta

Shekarun baya, lokacin muna zaune a unguwar Tandabawi a Makka, akwai kawuna, yayan mahaifiyata. Maharbi ne a ƙasarmu kafin ya zo aikin Hajji ya zauna. Ya tsufa a Makka ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, yana gyaran takalma a ƙofar gida. Ba ya ƙorafi, amma da an ambaci daji sai ka ga ya ajiye allura.

Ina da aboki haifaffen unguwar Rusaifa, ɗan ƙasa ne, yana da bindigar tsuntsaye da izininta. Duk shekara idan aka buɗe farauta yakan ɗauki Kawu su tafi wani kwari can bayan Arfa, wajen iyakar Harami. Kawu ba ya taɓa bindigar, sawu kawai yake dubawa yana jin daɗi. Ni kuwa ko kaza aka ce in yanka sai na nemi maƙwabci, don haka aikina dafa shayi ne.

A shekarar da nake ba ku labari, mahaifiyata ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "An ce dokar farautar nan kowace shekara sauya ta ake yi. Kun tambaya?" Abokina ya yi dariya ya ce, "Umma, kamar bara ne, kada ki damu." Ashe bai duba ba. Ni ma ban matsa masa ba.

Mun isa da hantsi. Ina hura wuta sai na ga Kawu ya durƙusa yana shafa ƙasa. Ya ce, "Barewa! Wallahi barewa ce, har da ɗanta." Ya ce rabonsa da ganin wannan sawu tun yana gida. Ya miƙe ya bi shi, ko gorar ruwa bai ɗauka ba. Muka ga farin rawaninsa ya shige bayan duwatsu.

Shayi bai tafasa ba muka ji ƙarar mota. Jami'an kula da namun daji ne, su biyu. Babbansu ya yi sallama, ya gaya mana cewa bana an rufe kwarin gaba ɗaya, an sako bareyi don su hayayyafa, shiga da bindiga laifi ne. Suka karɓi bindigar, suka duba takardunmu. Sai ya tambaya, "Ku biyu ne kawai?"

Abokina ya ce, "Mu biyu ne."

Na gane dalilinsa. In suka ga Kawu, sai tarhil, wato a mayar da shi ƙasarmu. Jami'in ya ce mu bi motarsu zuwa ofis. Muka shiga, muka bi.

Ban taɓa jin tsoro irin na cikin motar nan ba. Rana tana ƙara hawa, duwatsu suna ƙyalli kamar an zuba musu wuta. Ruwanmu duka yana bayan mota, ina jin gorunan suna karo da juna. Kawu yana da ciwon suga. Na ce wa abokina, "Zai mutu fa." Ya ce, "In sun sake mu sai mu dawo." Na ce, "Yaushe? In sun riƙe mu har gobe fa?" Ya share gumi, ya ci gaba da tuƙi. Na rufe ido, sai na ga fuskar mahaifiyata. Ko dai in koma in ce mata na miƙa yayanta ga hukuma, ko in ce mata na bar shi a daji.

Na kai hannu na danna hon, na ƙi sakewa.

Da jami'in ya sauko, sai Larabcin ya ɓace mini. Da ƙyar na ce, "Akwai tsoho a can. Kawuna ne. Ba shi da ruwa." Ya dube ni, ya ce, "Kun bar tsoho a wannan rana?" Ya juya mota da gudu, muka bi shi.

Mun daɗe muna nema, muna kira, duwatsu suna mayar mana da muryarmu. Ƙaramin jami'in ne ya hango rawanin a ƙarƙashin wata ƙaya. Kawu yana jingine, leɓɓansa sun tsage, idonsa a lumshe. Na yi zaton ya cika. Babban jami'in ya tallafi kansa yana ɗiga masa ruwa yana kiran sa baffa da Larabci, yana cewa, "Sannu, ya ammi, a hankali." Can Kawu ya buɗe ido, ya ga kaki, ya dube ni. Ya gane komai. Abin da ya fara ce mini shi ne, "Na gan ta, ɗana. Tana shayar da ɗanta."

Sun kai shi asibiti, daga can doka ta yi aikinta. Bayan 'yan makonni aka mayar da shi gida. Mahaifiyata ta yi kwanaki ba ta iya dubana ba. Kawu ne da kansa ya kira ta daga ƙauye, ina jin muryarsa ta waya yana cewa, "Ki daina fushi da yaron nan. Da ya yi shiru, da gawata za ki wanke."

Ya rayu shekaru bayan haka cikin jikokinsa. Ban sake ganinsa ba sai a hoto.

Na koyi cewa "kamar bara ne" ba amsa ba ce, idan akwai wanda zai ɗauki nauyin kuskurenka fiye da kai. Har yau ban san yadda ake ɗana bindiga ba, amma duk shekara idan sabuwar dokar farauta ta fito sai na karanta ta daga farko har ƙarshe. Kuma idan hanya ta bi da ni ta bayan Arfa da rana tsaka, maƙogwarona yakan bushe, ko da yanzu na sha ruwa.